Eberest: rijiya ta bayar, guga ya hana

Ranar 22 ga watan Satumba na shekara ta 2025, wani ɗan ƙasar Polan mai suna Andrzej Bargiel ya isa ƙololuwar dutsen Eberest ba tare da tulun iskar shaƙa ba, ya ɗaura dogayen katakai biyu ga ƙafafunsa, ya zamo ƙasa bisa ƙanƙara. Ya kwana bisa hanya, kashegari ya ratsa kogin ƙanƙara na Khumbu, ɗan'uwansa yana nuna masa hanya da wani ƙaramin jirgi maras matuƙi, har ya isa sansanin gindin dutse. Babu wanda ya taɓa yin haka kafinsa. Duniya ta yi ta tafi, to amma a bayan tafin akwai wata gardama da ta daɗe: wa ke da ikon buɗe ƙofar wannan dutse, kuma nawa ne kuɗin shiga?

Dutsen da ya fi kowane

Mai karatu da ya san tsaunukan Bagzan cikin Ayar ya san Idukal-n-Tages, wuri mafi tsawo a Nijar, mai mitir 2.022. To Eberest ya ninka shi sau huɗu har da ɗori: mitir 8.848,86 bisa awon da Nepal da Sin suka bayyana tare ga shekara ta 2020. A can sama, iskar da ke rayar da mutum ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku ba na wadda ake shaƙa a bakin teku. Shi ya sa mahaya ke kiran duk abin da ya haura mitir 8.000 yankin mutuwa. Edmund Hillary na Niyu Zilan da Tenzing Norgay, ɗan ƙabilar Sherpa, su ne suka fara taka kansa ranar 29 ga Mayu 1953.

Zamiya bisa ƙanƙara, wadda Turawa ke kira ski, wasa ce ta ƙasashen sanyi. Amma yin ta a kan Eberest ya wuce wasa, don ko kuskure guda ba ya da gyara. Ga shekara ta 1970, Yuichiro Miura na Japan ya zamo daga wajen mitir 8.000 da lema ɗaure ga bayansa don rage gudu. Ya faɗi, ya mirgina, ya tsaya dab da bakin wani rami. Ya tsira, amma Sherpa shida sun rasu cikin wannan tafiya. Sai ranar 7 ga Oktoba 2000 Davo Karnicar na Sulobeniya ya sauko tun daga ƙololuwa har sansani cikin awa biyar ba kaɗan, yana amfani da tulun iska wajen hawa. Ikon Allah, dutsen bai ci shi ba, itacen da yake sara ne ya zama ajalinsa a 2019. Marco Siffredi, saurayi ɗan Shamoni ta Faransa, ya sauko bisa allo guda mai faɗi a 2001, ya koma a watan Satumba 2002 don bin kwazazzabon Hornbein, daga nan ba a sake ganinsa ba. Yana da shekara 23. Wannan kwazazzabo sai ranar 15 ga Oktoba 2025 Ba'amurke Jim Morrison ya bi shi har ƙasa.

Takarda kafin igiya

Kafin mahayi ya taɓa igiya, sai ya bi ta ofis. Gefen kudu na dutsen yana cikin gandun dajin ƙasa na Sagarmatha, wanda Nepal ta kafa a 1976, mai faɗin murabba'in kilometir 1.148, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1979. Gefen arewa yana Tibet, a hannun Sin, wadda ta rufe shi ga baƙi a 2020 saboda annobar korona, ba ta sake buɗe shi sosai ba sai 2024. Shekaru ke nan da mahaya da dama suka shirya, suka tara kuɗi, suka zauna jiran takarda har lokacin hawa ya wuce.

A gefen Nepal kuwa, tun ranar 1 ga Satumba 2025 takardar izinin hawa cikin bazara ta tashi daga dolar Amurka 11.000 zuwa 15.000 ga mutum guda, wato sama da miliyan 8 na sefa. Ta kaka kuma daga 5.500 zuwa 7.500. An rage wa'adinta daga kwana 75 zuwa 55, an kuma wajabta ja-gora guda ga kowane mahayi biyu. Masu zamiya sun fi son kaka, lokacin da damina ta bar ƙanƙara mai kauri bisa duwatsu, to amma ranakun sarari kaɗan ne. Bargiel da kansa ya juyo sau biyu: a 2019 don wani ƙaton curin ƙanƙara da ke reto bisa hanya, a 2022 kuma saboda iska.

Ƙorafin tsofaffin mahaya shi ne, doka tana auna aljihu, ba ta auna gwaninta. Wanda ya shekara ashirin yana hawa zai iya rasa kuɗin takarda, mai arziki kuwa da bai taɓa kwana bisa ƙanƙara ba ya biya, a ja shi da igiya. Hatta masu yawon ƙafa ba su tsira ba: daga 1 ga Afrilu 2023 hukumar yawon buɗe ido ta hana baƙo yawo cikin gandayen daji ba da ja-gora ba, sai dai hukumar yankin Khumbu ta ce ita ba ta aiki da wannan doka a ƙasarta. Baƙo ya rasa wa zai bi.

Gaba kura, baya sayaki

Ita ma gwamnati tana da hujja. A watan Mayu 2019, hoton da Nirmal Purja ya ɗauka ya nuna mutane jere cikin yankin mutuwa kamar masu layin famfo. A wannan shekara Nepal ta ba da takardu 381, mutum 11 suka rasu a gefuna biyun dutsen. A 2023 takardun sun kai 478, mamata 18. Ga shara, ga najasa da ba ta ruɓewa saboda sanyi. Shi ya sa a 2024 kotun ƙolin ƙasar ta umarci gwamnati da ta ƙayyade yawan masu hawa. To amma Nepal ƙasa ce matalauciya, kuma kowace takarda abinci ce ga gidaje da yawa.

Rikicin jirage masu saukar ungulu ya fito da abin fili. Hukumar gandun ta ce daga farkon Janairu 2025 ta hana jiragen ƴan kasuwa shawagi, don ƙararsu tana korar namun daji. Samarin yankin suka tare wuraren sauka, domin baƙon da jirgi ya ɗauka ba ya kwana a masauki, ba ya ɗaukar ɗan dako. Kamfanoni suka dakatar da tashi, kafin a sasanta cikin ƴan makonni.

A nan ne ya kamata a saurari Sherpa. Su ke shimfiɗa tsani da igiya cikin kogin ƙanƙara na Khumbu, kuma ranar 18 ga Afrilu 2014 ma'aikatan dutse 16 ƴan Nepal suka hallaka a wurin cikin safiya guda. Baƙo yana kukan an tsare masa ƙofa. Ɗan gida yana tambayar nawa ne rabonsa cikin kuɗin ƙofar, kuma wa zai riƙe marayunsa.

Mu ma tambayar ba baƙuwa ba ce gare mu. Gandun Ayar da Tenere, da aka kafa a 1988, ya shiga jerin UNESCO a 1991, shekara guda bayan haka aka sa shi cikin wuraren da ke cikin haɗari, ja-gorori da masu raƙuma na Agadas kuma sun san yadda tukunya ke yi in baƙi suka ɗauke ƙafa. Rufe ƙofa yunwa ne, barinta a hangame ɓarna ce. Abin da ya rage ga hukumomin Katmandu shi ne su faɗi adadin mutanen da dutsen zai iya ɗauka, su tambayi mai neman takarda duwatsun da ya taɓa hawa, su kuma mayar da kaso bayyananne ga ƙauyukan da ke binne ƴaƴansu.