Me Ya Sa Masu Sana'a Ke Manne Wa Kamfani Ɗaya Na Diril Mai Batir?

A wannan makon shafin fasaha zai yi bayani ne a kan injinan aiki masu caji, irin waɗanda ake gani a hannun kafintoci da masu haɗa sola a Kankia da Kusada. Da yawa daga cikinmu suna zuwa shago koyon sana'a bayan an tashi daga makaranta, don haka maganar ta shafe mu.

Diril inji ne na huda katako ko ƙarfe, kuma ana ɗaure noti da shi. Na da sai an jona shi da wuta. Kamfanin Black & Decker na Amurka ne ya fitar da na farko marar waya a 1961, amma batirin wancan lokaci ba ya jimawa. Abin ya gyaru sosai da zuwan batirin litiyam, irin wanda ke cikin wayoyinmu. Kamfanin Sony ya fara sayar da shi a 1991, kuma masana uku da suka ƙirƙiro shi sun sami kyautar Nobel a 2019.

A wajenmu amfaninsa a fili yake. Wutar KEDCO ba ta da tabbas, wasu ƙauyukan ma babu ita sam. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta don huda ramuka goma ya zama asara. Mai diril na batir kuwa sai ya yi caji da sola, ya hau rufin kwano ba tare da jan waya ba.

To ina matsalar take? Tana wajen batirin. Yawancin kamfanoni, kowanne yana ƙera bakin batirinsa da siffa tasa. Batirin Makita na Japan ba ya shiga injin Bosch na Jamus, na Bosch ba ya shiga DeWalt na Amurka. Caja ma haka. Kuma batir da caja su ne ke cin babban kaso na kuɗin. Idan kafinta ya sayi diril da batir biyu da caja, gobe ya so zarto mai caji, zai iya sayen gangar jikin zarton kawai daga wannan kamfani, ya riƙa sa masa batirin da yake da shi. Idan ya koma wani kamfani, sai ya sake sayen komai daga farko. Shi ya sa za ka ji mutum yana rantsuwa cewa nasa ya fi na kowa. Wani lokaci gaskiya yake faɗa, wani lokaci kuma batirin ne ya ɗaure shi. Ni a ganina kamfanonin suna sane da hakan, don ƙasashen Turai sun tilasta wa masu ƙera waya amfani da bakin caja iri ɗaya daga ƙarshen 2024, kuma sun iya.

Akwai lambobi biyu a jikin batir da ya kamata mai saye ya gane. Ta farko ita ce 18V ko 20V. Mutane suna zaton 20 ta fi ƙarfi, alhali abu ɗaya ne. A ciki akwai ƙananan batura biyar a jere. Kowanne yana ba da 3.6 lokacin aiki, biyar sau 3.6 kuwa 18 ne. Idan an cire shi daga caji yanzu-yanzu kowanne yana kai 4, shi ne 20. Wani kamfani ya rubuta wannan, wani ya rubuta waccan. Lamba ta biyu ita ce 2.0Ah ko 4.0Ah, tana nuna yawan cajin da yake ɗauka, kamar girman tankin babur. Mai 4.0 zai yi kusan ninkin aikin mai 2.0, sai dai ya fi nauyi da tsada.

Wanne za a zaɓa? Makita da Bosch da DeWalt sun yi suna, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Ingco da Total, waɗanda ake ƙerawa a Sin, sun fi araha kuma sun yaɗu a kasuwannin Najeriya. Tambayar da ta fi muhimmanci ga mutumin Kusada ita ce: idan batirin ya mutu, zan sami irinsa a Katsina ko Kano? Inji na gwanjo mai babban suna wanda ba a samun batirinsa, ƙarshensa ajiya a ƙarƙashin benci. Yana da kyau kuma a duba abin da sauran masu sana'a na kusa suke riƙe da shi, don a iya aron batir ranar da aiki ya yi yawa.

Sai batun jabu. Ana buga sunan babban kamfani a jikin batirin da ba nasa ba. Farashin da ya yi arha fiye da kima alama ce, haka ma batirin da ya cika rashin nauyi a hannu. Irin wannan yana saurin mutuwa, yana ma iya kama wuta a caji. Ko mai kyau ne, zafi yana rage masa kwana. A watannin Maris da Afrilu kada a bar shi a kan kwano cikin rana, kuma idan ya yi zafi bayan aiki a bari ya huce kafin a sa shi a caja.