Iskar Saman Dutse da Sanyin Ƙasashen Turai

A lokacin da hunturu ke kaɗawa a Dutse, akwai wata iska can sama, tsakanin kilomita 16 zuwa 50 daga ƙasa, wadda ba ruwanta da rani ko damina. Wannan iska ta yi wa duniya ɗamara a yankin ikwaita, har zuwa kimanin digiri 15 arewa da kudu. Da yake Dutse tana kusan digiri 12 ne, gefen ɗamarar ya bi ta samanta.

Abin mamaki shi ne, iskar takan taso daga gabas na wasu watanni, sa'an nan ta juya ta taso daga yamma. Zagaye guda yakan ɗauki kimanin wata 28. Richard Reed da R. A. Ebdon ne suka gano haka wajen 1961, masana kuma suna kiranta QBO. Abin da ke juya ta shi ne girgizar iska da manyan hadura irin na daminarmu ke turawa sama.

To, mene ne haɗinta da ƙasashen ƙanƙara? A lokacin sanyi, wata ƙaƙƙarfar iska takan kewaye ƙurewar arewacin duniya, ta killace sanyi kamar yadda danga ke tsare dabbobi. A 1980 James Holton da Hsiu-Chi Tan suka nuna cewa idan iskar ikwaita daga yamma take, dangar takan yi ƙarfi. Idan kuwa daga gabas take, manyan igiyoyin iska da tsaunuka irin su Himalaya ke haifarwa sukan karkata arewa, su raunana ta. Da zarar danga ta ɓalle, sanyi yana iya malalowa Turai da Amurka.

A nan ne matsalar masu hasashen yanayi take. Lissafin kwamfuta da suke kwaikwayon yanayin duniya da shi yakan nuna wannan dangantaka, amma da rauni fiye da yadda ma'aunai suka nuna. Haka kuma, ƙananan girgizar hadari sun yi wa kwamfuta ƙanƙanta, sai dai a yi kirdadonsu. A farkon 2016 ma iskar ta saɓa al'adarta, ba tare da an hango ba.

Ke nan, wanda ke son sanin tsananin sanyin Landan tun kafin ya zo, tilas ya fahimci hadarin da ke tasowa a yankin su Dutse.