Ɗinkakkiyar ƙwarya da ƙofar zuciya

Duk macen da ta taɓa ajiye madara a ɗinkakkiyar ƙwarya ta san halinta. Ko an wanke ta da soso da toka an kife ta a rana, madarar sai ta yi saurin tsami, domin akwai saura maƙale a cikin ɗinkin, inda soso ba ya kaiwa.

Zuciya ma takan yi irin wannan ɗinki. Ƙofofi huɗu gare ta, masu buɗewa jini ya wuce su rufe. Idan ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a kula da shi ba ya bar tabo a ɗaya, ko aka sa ta roba a tiyata, nan ƙwayar cuta take samun maɓoya.

Wadda ta fi damuna ita ce Coxiella burnetii, mai kawo zazzaɓin Q. Likita Edward Derrick ya fara bin sawunta a 1935 cikin mahautan Brisbane a Ostareliya. Tana zama a jikin awaki da tumaki da shanu, ta fi yawa a mabiyiya lokacin haihuwa, ta bushe ta bi ƙura a shaƙe ta. Tsakanin 2007 da 2010 ta kama mutum sama da 4,000 a Holand, daga gonakin awaki. To, mu da akuya take haihuwa a tsakar gida fa?

Wanda ta kama masa ƙofar zuciya yakan yi watanni yana zazzaɓi da gumin dare da rama, ana ta ba shi maganin maleriya da taifod. A ɗebi jini a sa a kwalbar shuka ƙwayoyin cuta, a jira, babu abin da zai tsiro, kamar ƙwaryar da ido ke gani tas. Sai an ɗauki hoton zuciya, an kuma auna garkuwar da jini ya haɗa a kanta, gwajin da aka sa cikin manyan ma'aunan Duke na gano ciwon ƙofar zuciya a 2000. Likita kuwa ba zai nemi gwajin ba sai ya ji cewa akwai dabbobi a gidan.

Ƙwayoyin da aka saba gani a ƙofar zuciya mako huɗu zuwa shida na allura suke ci. Wannan kuwa doxycycline da hydroxychloroquine ake sha, aƙalla wata 18, ana auna jini a kai a kai. Ƙwarya in ta ƙi wankuwa a sayo sabuwa ranar kasuwa. Ƙofar zuciya galibi sai an buɗe ƙirji kafin a sauya ta, mai ƙofar roba kuma maganinsa wata 24 ne.