Shuka Lalle A Cikin Gida

Kwanan baya na fita rangadi, dare ya yi mini a wani ƙauye, aka sauke ni gidan wani dattijo. Bayan an ci tuwo muna zaune ƙofar zaure, sai iska ta kaɗo wani ƙanshi daga cikin gida. Na tambaye shi ko wane irin turare ne wannan. Ya yi dariya ya ce, "Malam, kana malamin gona ba ka san furen lalle ba?" Na ji kunya ƙwarai. Amma da na bincika sai na ga ba ni kaɗai ba ne. Mutane da yawa sun san garin lalle a kasuwa, sun san shi a ƙafar amarya, amma ba su taɓa jin ƙanshin furensa ba. Dalili kuwa, masu noma shi don ganye sukan yanke shi tun bai kai ga yin fure ba.

Lalle ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kaka da kakanni an san shi. A Masar ma an yi dubban shekaru ana ƙunshi da shi. Masana ilmin itatuwa sun ba shi suna Lawsonia a shekarar 1753. Idan aka bar shi yakan yi tsawon ƙafa 6 har zuwa 20, in ya tsufa kuma ƙananan rassansa sukan yi tsini kamar ƙaya. Furensa ƙanana ne, farare ko masu ɗan ja-ja, suna fitowa a dunƙule a kan bakin reshe. A ƙasar Indiya har turare ake yi da su.

Lalle yana son rana da zafi, yana jure fari, ba ya kuwa tsananta zaɓen ƙasa. Abin da ba ya so shi ne inuwa da wurin da ruwa ke kwanciya. Saboda haka kada ku dasa shi ƙarƙashin mangwaro ko dalbejiya. Ku nemi sarari a tsakar gida, in da hali kusa da randa ko rijiya, inda zai riƙa samun ɗan danshi da rani.

Hanya biyu ce ake shuka shi. Ta fari, da reshe, ita ce ta fi sauƙi. Idan damina ta zauna, wajen watan Yuni ko Yuli, ku sami gindi mai lafiya ku yanko rassa masu kaurin ɗan yatsa, tsawon ƙafa 1, kowane da ido 6 zuwa 8. Ku tsige ganyen ƙasa, ku binne rabin reshen, ku danne ƙasar da ƙafa. Ku lura kada ku kifa shi, wajen gindi shi ke shiga ƙasa. Ku zuba ruɓaɓɓen taki a ramin, ba ɗanye ba, ku barbaɗa toka saboda gara. Ba duka za su kama ba, don haka in kuna son 5 ku dasa 8.

Ta biyu, da iri. 'Ya'yan lalle ɓawonsu da tauri yake, in an shuka su haka nan sukan daɗe ba su tsiro ba. Sai a jiƙa su kwana 3 zuwa 7, ana sake ruwan kullum, sa'an nan a yafa su a fangali wajen watan Fabrairu ko Maris, ana ban ruwa. Bayan wata 4 ko 5 sun isa dashe, ga shi kuwa damina ta sauka. Ko ta wace hanya kuka bi, ku kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando a shekarar fari, don akuya ba ta san ƙanshi ba.

To, ga babbar magana. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Furen lalle a bakin sabon reshe yake fita, can ne kuma ganyen da ya fi kamu yake. Wanda ya yanke bakin reshe don ganye ya yanke furensa ke nan. Shawarata ita ce ku raba aikin biyu. Ku dasa layi ɗaya jikin danga, tsakanin gindi da gindi ƙafa 1 ko 2, wannan na ganye ne, kuma shinge ne. Sa'an nan ku ware gindi 1 ko 2 kusa da ɗaki, ku ba kowane filin ƙafa 6, ku gaya wa mutanen gida wannan ba na tsinka ba ne. Shi ba a taɓa shi sai fure ya kaɗe, sa'an nan a rage rassan da suka bushe da waɗanda suka cushe.

Na shinge kuwa, daga shekara ta 2 ana iya yankansa sau 2 a shekara. Ku shanya a inuwa, kada a rana, don ganyen ya tsaya kore shar, shi mai saye ke nema. In ya bushe a kakkaɓe, a daka, a tankaɗe, a ajiye inda ba laima. Uwargida ta huta da sayen garin da ba ta san abin da aka gauraya a ciki ba, rarar kuma ta kai kasuwa lokacin salla da bukukuwa. Gindi ɗaya yakan yi shekara 10 da ɗoriya yana ba da amfani.

Abu ɗaya na ƙarshe. Idan hunturu ya yi ƙarfi kuka ga ganyen yana zuba, kada ku ce ya mutu ku sare shi. Hutawa yake yi. Ku ba shi bokitin ruwa sau 1 a mako, da zafi ya shigo za ku ga ya toho.

Wanda ba shi da inda zai sami reshe, ya roƙi maƙwabcinsa, ko ya tuntuɓi malamin gona na yankinsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.