Daga Sule Tankarkar zuwa Gwanja: Yadda muka tsara tafiyar buɗe ido

A ƙarshen kakar bara, bayan mun sayar da riɗi mun biya 'yan basussukan da damina ta bar mana, mu huɗu muka zauna a ƙofar gidana da ke Sule Tankarkar, muka shimfiɗa taswirar Afirka ta Yamma a kan tabarma. Biyu daga cikinmu tsofaffin malaman makaranta ne, ɗaya ma'aikacin lafiya ne da ke dab da ritaya, na huɗun kuma ɗan kasuwa ne wanda ba ya fashin kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Mun shekara biyu muna zubin adashi da niyya guda, wato mu kewaya ƙasashen da ke maƙwabtaka da mu ta mota, mu ga abin da muka daɗe muna koya wa yara a aji ba tare da mun taɓa ganin sa ba. Na ga ya dace in bai wa mai karatu labarin yadda shirin ya gudana, domin abin da muka ci karo da shi a kan taswirar nan ya shafi kowane ɗan Arewa.

Asalin maganar daga ɗana ta fito. Wata rana ya nuna mini a wayarsa yadda matasan wasu ƙasashe ke shirya tafiya ta wata da watanni a Kudancin Amurka, su shiga Feru, su haura Bolibiya, su gangara Chile da Ajantina, duk da harshe ɗaya na Sifaniyanci. Ya ce, “Baba, su kam sun huta, harshe ɗaya ya ishe su.” Na ce masa ai mu ma Allah Ya ba mu irin wannan, domin da Hausa kaɗai mutum zai sami masauki da abinci da limamin da zai bi salla tun daga Damagaram har zuwa Zangon Kumasi. Da ya tambaye ni ko na taɓa gwadawa, sai na rasa amsa. Ga shi kuwa a cikin akwatin mahaifina akwai wata wasiƙar ajami da ƙanen kakana ya aiko daga Kumasi, bayan ya bi ayarin fataken goro bai sake dawowa ba. Ko shakka babu ya bar zuriya a can, amma har yau babu ɗayanmu da ya je neman su, alhali mu ne ke cewa zumunci a ƙafa yake.

Da farko mun yi nufin bin sawun magabata. Littafin Tarihin Kano ya ambata cewa tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Fatake kan tashi da kanwa da tufafi da fatu a kan jakuna, su haye Kwara, su yada zango a Zugu ta ƙasar Benin, su wuce Sansanin Mango ta ƙasar Togo, su sauka Salaga su yo lodin goro. Wannan fatauci ne ya fara ɗaga Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, kuma wannan hanya ce ta kai Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, zuwa Salaga, kafin rikicin sarautar garin na 1892 ya sa ya koma Kete Karachi, inda ya rasu a 1934. Sai muka ja layi da biro: Maigatari, Damagaram, Maraɗi, Yamai, Gaya, Zugu, Mango, Salaga, Kumasi.

Layin bai kwana ba. Abokinmu ɗan kasuwa, wanda ya fi mu sanin halin iyaka, shi ya fara soke shi gaɓa-gaɓa. Ya tuna mana cewa Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, sai a Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu, har da ta Maigatari. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe ta, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil kuwa, wadda ita ce ƙofar Nijar zuwa Benin, an datse ta a 2023, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe saboda saɓanin da ke tsakaninsu. Bugu da ƙari, a watan Agustan 2020 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a Kure, wurin da ake zuwa kallon raƙuman dawa kusa da Yamai. Togo ta kafa dokar ta-ɓaci a yankinta na arewa, inda Mango take, a shekarar 2022, sannan a watan Afrilun 2025 an kashe sojojin Benin fiye da 50 a arewacin ƙasar. A taƙaice, hanyar da kakanninmu suka ratsa da jakuna, mu jikokinsu masu mota da fasfo ba mu isa mu bi ta ba.

A nan ne muka yi gardama mai zafi. Ɗaya daga cikinmu ya ce a raba kuɗin kowa ya sayi raguna, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ni kuma na ce idan kowa ya zauna a gida har sai ƙura ta lafa, 'ya'yanmu za su tashi suna ɗaukar Bahaushen Damagaram a matsayin baƙo, alhali tsohuwar fadar masarautarmu ta Gumel, wato Tumbi, a cikin ƙasar Nijar take a yau. Daga ƙarshe muka yi matsaya cewa za a yi tafiyar, amma a raba ta gida biyu, kuma duk wurin da hukuma ko mutanen gari suka ce kada a je, ba za mu je ba.

Zango na farko na kwana biyar ne. Za mu fita ta Maigatari mu nufi Damagaram, garin da ya kasance hedikwatar mulkin mallakar Faransa a Nijar har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. A can muna son ganin fadar Sarkin Damagaram da ke unguwar Birni, da ragowar ganuwar Sarki Tanimu, wanda ya yi suna da bindigogin igwa a ƙarni na 19, da kuma tsofaffin gidajen attajirai masu zanen bango a unguwar Zango. Mun so ƙwarai mu ƙarasa Agadas mu ga hasumiyar masallacinta ta ƙasa mai tsawon mita 27, wadda hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin da take ciki a jerin kayan tarihin duniya a 2013, amma muka jingine wannan sai mun ji ta bakin mutanen Damagaram. Dawowa kuma ta Matamaye za mu biyo, mu shigo ta Kwangwalam, mu ziyarci rijiyar Kusugu a Daura.

Zango na biyu na kwana 16 ne, kuma ta bakin teku za mu zagaya. Daga Legas zuwa Ankara bai kai kilomita 500 ba, amma sai an tsallake iyaka uku: Seme, da ta tsakanin Benin da Togo, da kuma Aflawo. Mun ware kwana biyu a Kwatano da Wida, kwana biyu a Lome, uku a Ankara domin mu zaga Nima da Sabon Zango mu kuma yi Juma'a a babban masallacin ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021. Daga nan sai Elmina, inda ginin da Turawan Fotugal suka kafa a 1482 yake tsaye har yau, sannan Kumasi, inda na roƙi abokaina kwana uku domin in kai wasiƙar nan gaban Sarkin Zango ko Allah zai sa a gane gidan. Ƙarshen tafiya ita ce Salaga, ta hanyar Tamale. Na gaya wa 'yan'uwana tun yanzu cewa ba goro kaɗai aka sayar a kasuwar Salaga ba, an sayar da bayi, kuma da hannun fataken ƙasarmu a ciki. Ya kamata mu tsaya a bakin rijiyoyin garin da wannan sani a zukatanmu.

Ga wanda ke da irin wannan niyya, ga abin da shirin ya koya mana. Na farko, takardu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar zama kwana 90 a wata ba tare da biza ba, kuma da ita za mu shiga Benin da Togo da Gana. Amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025. Duk da cewa ɓangarorin biyu sun sanar a lokacin cewa zirga-zirga ba biza za ta ci gaba, mun ga ya fi mana kwanciyar hankali kowa ya riƙe cikakken fasfo, da katin allurar rigakafin shawara, kuma mu sake tambaya a bakin iyaka mako guda kafin tashi.

Na biyu, kuɗi. Nijar da Benin da Togo duk sefa suke kashewa, Gana kuma sidi. Sai dai a kula da lissafin mutanen Nijar, domin da dala suke ƙirga, kuma dala ɗaya tamma biyar ce. Idan mai masa ta ce maka dala ashirin, sefa 100 take nufi, ɗari kuma 500 ce, jaka ɗaya 1,000. Mun kuma keɓe kashi ɗaya cikin biyar na guzurinmu wanda ba za a taɓa ba sai don rashin lafiya ko komawa gida ba shiri.

Na uku, lokaci da abin hawa. Mun zaɓi Disamba da Janairu, bayan an gama aikin gona, kafin zafin bazara ya shigo da sanƙarau. Mun fasa tafiya da motarmu, saboda kowace iyaka da takardun da take nema a kan mota, muka zaɓi motocin haya na dogon zango, da sharaɗin ba tafiyar dare. Na huɗu, harshe. Hausa za ta wadace mu a kasuwa da zango, a Nijar ma an ayyana ta a matsayin harshen ƙasa a 2025, amma jami'in iyakar Benin ko Togo da Faransanci zai yi tambaya, don haka abokinmu malami ya rubuta mana jumloli 30 muna haddacewa bayan sallar Isha.

Kirana ga masu ilimi da masu hali na Arewa shi ne, da yawa daga cikinmu sun san Dubai da Landan, amma ba su taɓa kwana a Damagaram ba, wadda ta fi Abuja kusa da Gumel. Ga shugabannin Nijeriya da Nijar kuma, ina tunatar da su cewa duk ranar da aka datse iyaka, mai sayar da raƙumi a Maigatari da tsohuwar da ke son zuwa sunan jikarta a Dungas su ne ke fara ji a jikinsu. Mu dai mun sa rana, wasiƙar ajamin nan kuma na naɗe ta a leda na ajiye tare da fasfo. Idan Allah Ya kai mu Ya dawo da mu, zan kawo wa mai karatu abin da ido ya gani. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.