2.4 Muhimmancin Fayyace wa Ɗalibi Ƙa'idojin Kwas a Karatun Jami'a ta Intanet

Kamar yadda aka nuna a sashen da ya gabata, babban abin da ya raba karatu ta intanet da na aji shi ne rashin haɗuwar malami da ɗalibi ido da ido. A aji, ɗalibi kan ɗaga hannu ya yi tambaya, ko ya bi malami ofis bayan lacca. Mai karatu daga nesa kuwa, abin da aka rubuta masa shi ne madogararsa. Ke nan duk ƙa'idar da malami ya bari a ransa bai rubuta ba, ba adalci ba ne a hukunta ɗalibi da ita.

Bukatar hakan ta ƙara fitowa fili a shekarar 2020, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta rufe makarantu a watan Maris saboda annobar korona, wasu jami'o'i suka koma koyarwa ta Zoom da WhatsApp cikin gaggawa. Sai dai tun kafin nan akwai abin koyi a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wato NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a 2002. Littattafan kwasa-kwasanta kan fara da jagora mai bayyana manufar kwas da darussansa da rabon maki, inda aikin jinga ke ɗaukar kashi 30, jarrabawa kuma kashi 70.

Bisa wannan, abubuwan da ya wajaba a fayyace tun makon farko su ne:

1. Halarta: ko shiga lacca kai tsaye dole ne, ko sauraron wadda aka naɗa ya wadatar.
2. Jinga: ranar miƙawa da sa'arta, da hanyar miƙawa, da hukuncin wanda ya makara.
3. Tuntuɓa: kafar da za a nemi malami, da tsawon lokacin da za a jira amsarsa.
4. Uzuri: matakin da ɗalibi zai ɗauka idan wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke ana tsakiyar gwaji.

Batu na huɗu ya fi shafar ɗaliban karkara da masu ƙaramin ƙarfi, domin idan ba a yi masa tanadi ba, makin da ɗalibi ya samu zai auna ƙarfin wayarsa da aljihunsa ne maimakon fahimtarsa. Sashe na gaba zai duba hanyoyin isar da waɗannan ƙa'idoji ga ɗalibai.