Kafin Ka Tsallaka Boda Da Wayar Landan-Yus: Yadda Ake Gane Kullalliyar Waya Da Yadda Ake Buɗe Ta

Yau za mu ɗan ajiye sharhin fim da waƙa a gefe, mu yi maganar abin da muke kallon fim ɗin da sauraron waƙar a cikinsa, wato waya. Da yawanmu ta hannu muke saya, irin wadda 'yan kasuwa ke kira Landan-yus, kuma da yawanmu muna da burin fita waje: wani Nijar ko Gana zai bi mawaƙi wasan Sallah, wani Umara za shi, wani karatu. Akwai wani tarko a tsakanin nan wanda ni na faɗa cikinsa, shi ya sa na ce bari in zauna in warware muku shi.

Abin da ya same ni a Maraɗi

Ni a Kakuri nake zaune, kuma ina ɗan taɓa ɗaukar bidiyo a wajen biki da wasannin mawaƙa. Wata bakwai na yi ina tari kafin na sayi iPhone 11 a wani shago nan tsallaken kogi. Mai shagon ya karɓi layina na MTN, ya ɗan juya baya, ya sa, ya miƙo min. Sabis ya cika, na kira gida aka ɗauka, na gwada kyamara na ga tana fitar da hoto tangaran. Na biya na kama gabana.

Da Sallah ta matso, wani abokina DJ ya samu gayyata zuwa Maraɗi, ya ce in bi shi in riƙa ɗaukar wasan ina turawa kai-tsaye, za a sallame ni. Muka bi ta Zariya, Funtuwa, Katsina, Jibiya, muka shiga ta Ɗan Isa. Muna sauka na nufi wajen mai sayar da layi, a can "pus" suke ce wa sim, waya kuma "salula". Ina zaro gidan sim sai ga wani ɗan siririn abu kamar ledar alewa manne da layina, ya ɓalle ya yage. Ban ma kula shi ba. Na sa sabon layi, waya ta rubuto min "SIM Not Supported". Na mayar da MTN ɗina, shi ma haka. Mai shagon ya leƙo ya ce, "Ɗan Najeriya, ai salularka a kulle take."

Wallahi haka aka yi wasan nan aka tashi ban tura ko daƙiƙa ɗaya kai-tsaye ba. Rabin kuɗin aikin aka ba ni, shi ma don kunya.

Mene ne kullen nan?

A Amurka yawancin mutane ba sa biyan kuɗin waya gaba ɗaya. Kamfanin layi, irin su AT&T da T-Mobile da Verizon, shi yake ba ka waya kana biya wata-wata tare da kuɗin kira da data. Don kada ka gudu da ita wajen wani kamfani, sai a ɗaure ta ta yadda layinsu kawai za ta karɓa. Irin waɗannan wayoyi ne ake tattarowa, su sauka a Computer Village ta Ikeja, su bazu zuwa Farm Centre ta Kano da shagunanmu na nan Kaduna.

Abin dariyar shi ne sunan Landan-yus ɗin kansa. A Ingila hukumar sadarwarsu, Ofcom, ta hana sayar da kullalliyar waya tun Disamban 2021. Kanada ta riga ta, tun Disamban 2017. To idan ka ga sabuwar yayi a kulle, da wuya a ce daga Landan ta fito, galibi 'yar Amurka ce.

A iPhone kullen ba a jikin wayar yake zaune ba. Yana cikin kundin Apple, an rubuta shi a kan lambar IMEI ta wayar. Duk lokacin da aka kunna ta da sabon layi, sai ta tambayi can ko an yarda. Wannan ne ya sa filashin ba ya cire shi, komai ƙwarewar injiniya.

Kulle huɗu ne, kada a haɗa maka su

A kasuwa da an ce waya "tana da lok" sai mutum ya ɗauka duk abu ɗaya ne. Kowanne da maganinsa, wani ma ba shi da magani.

Na farko, kullen layi, wanda muke magana a kai. Ana buɗe shi ta halastacciyar hanya.

Na biyu, kullen asusu. A iPhone shi ne na iCloud, wanda Apple ya kawo a 2013, a Android kuma na asusun Google ne. Ma'anarsa mai wayar na asali bai cire asusunsa ba. In ba shi ya sa lambar sirrinsa ba, wayar ta zama madubi. Sau da yawa irin wannan ta sata ce, ka guje ta ko da kyauta aka ba ka.

Na uku, baƙin kundi. Idan aka kai rahoton an sace waya ko ta ɓata, ana sa IMEI ɗinta a jerin da kamfanonin sadarwa na ƙasashe da dama ke dubawa. Tana iya yi maka aiki lafiya lau a Sabon Tasha, ka sauka Ingila ko Amurka ta ƙi kama sabis ko da a buɗe take.

Na huɗu, kullen ma'aikata. Wayar wani kamfani ce ko makaranta, suna juya ta daga nesa. Za ka ga "Remote Management" idan aka goge ta aka kunna.

Cif da faktiri: inda aka cuce ni

Ɗan siririn abin nan da ya yage a hannuna shi ne cif. Ana shimfiɗa shi a kan sim, ya yaudari wayar ta ɗauka layin kamfaninta ne. Wayar tana nan a kulle, rufa-rufa kawai aka yi. Shi ya sa tana iya birkicewa idan ka canza layi, ko ka sabunta manhajarta, ko ka goge ta. Wasu ma suna kukan sabis na yawan ɗaukewa da saurin shan caji.

Faktiri kuwa ita ce wadda aka buɗe daga tushe, ko ma ba a taɓa kulle ta ba. Ko wane layi ka sa za ta karɓa: Airtel ko Moov ko Zamani a Nijar, STC ko Mobily ko Zain a Saudiyya, MTN ko Telecel a Gana.

Ba laifi ba ne mutum ya sayi mai cif idan ya san abin da ya saya kuma aka rage masa kuɗi. Cutar ita ce a sayar maka da cif a farashin faktiri. Da na dawo na koma shagon, abin da mutumin ya ce min shi ne, "Oga, ai cewa ka yi tana ɗaukar MTN? Ta ɗauka ai." Risit ɗina kuwa sunan waya da kuɗi kawai aka rubuta. Dole na haɗiye.

Gwajin minti goma kafin ka biya

Ɗaya, kai da kanka za ka zaro gidan sim. Ka duba babu wani abu a shimfiɗe ko a manne, sannan ka sa layinka da hannunka. Ka je da layi biyu na kamfani daban-daban.

Biyu, a iPhone ka shiga "Settings", sai "General", sai "About", ka gangara zuwa "Carrier Lock". Idan ka ga "No SIM restrictions" a buɗe take. Idan "SIM locked" ka gani, magana ta ƙare.

Uku, a wannan shafin ka duba lambar samfuri. Wadda ta ƙare da LL/A ta Amurka ce, B/A ta Ingila, J/A ta Japan. Harafin farko ma yana magana: M sabuwa aka saye ta, F gyararriya ce daga kamfani, N musanya ce aka ba mai ita.

Huɗu, ka danna *#06# IMEI ta fito. Ka gwada ta da wadda ke cikin saitin, da wadda aka rubuta a gidan sim a samfurin da ke da ita. Ka rubuta ta a takarda, ka sa a duba maka ko tana baƙin kundi.

Biyar, wannan ita ce babbar: ka ce a goge wayar gaba ɗaya a gabanka, a kunna ta daga farko da layinka. A nan ne kullen iCloud da na ma'aikata da na layi duk suke tona kansu. Mai shagon da ya fara "ai babu lokaci" ko "data za ta ci", ka ba shi kayarsa.

Shida, a rubuta a risit cewa faktiri ce, da IMEI ɗinta, da kwanakin da za ka iya dawo da ita.

Idan ka riga ka saya fa?

Kamfanin da ya kulle ta shi ne mai buɗewa. Apple da kansa ya ce ba ya buɗe kullen layi. Don haka matakin farko ka san wane kamfani ne, ana ganewa ta binciken IMEI.

Tawa ta AT&T ce. Suna da shafi na neman buɗe waya, kyauta, kuma ba dole sai kana abokin cinikinsu ba. Ka sa IMEI da imel, ka tabbatar da saƙon da za su turo, ka jira. Sharuɗɗansu su ne an gama biyan kuɗin wayar, ba a kai rahoton sata ba, kuma babu bashi a kanta. Ni na ci sa'a, bayan kwana biyu saƙo ya zo. Na haɗa ta da Wi-Fi, na sa layin Airtel, sai ga sabis. Abokina DJ da muka gwada tasa, ƙi suka yi, ashe mai ita na farko bai gama biya ba. Wasu kamfanonin kuma sai mai asusun da kansa ya nema, kai da ka saya a hannu na uku ba za su saurare ka ba.

A wayoyin Android da yawa, irin su Samsung, lamba ake ba ka. Da ka sa baƙon layi za ta nemi lambar. Kada ka yi ta cankar lambobi, domin gwajin ƙidayayye ne, in ka ƙure shi wayar ta daskare sai an nemo wata lambar daban.

Akwai masu buɗewa da kuɗi, a kasuwa da kuma intanet. Wasu suna yi da gaske, wasu 'yan damfara ne, wata wayar ma ta buɗe yau ta sake kullewa bayan wata biyu. In dole sai ka bi ta nan, ka nemi mai shago a zaune wanda aka sani, ku yi yarjejeniya sai "No SIM restrictions" ta bayyana za ka cika kuɗi. Kada ka taɓa ba kowa lambar sirrin iCloud ko ta imel ɗinka, buɗe layi IMEI kawai yake buƙata. Kuma ka kwashe hotunanka da bidiyonka kafin ka bar waya a hannun kowa. Mun sha ganin yadda bidiyon sirri ya fita daga waya ya ɓata wa mutane suna.

Abubuwa uku da ake mantawa

Daga iPhone 14 ta 2022 zuwa sama, samfurin Amurka ba shi da gidan sim kwata-kwata, eSIM ne kawai. In ka ga 'yar LL/A irin wannan da gidan sim, an buɗe cikinta an yi mata aiki. In kuma babu, ka tabbata kamfanin ƙasar da za ka yana ba da eSIM.

Wasu ƙasashe suna da tasu dokar ko da wayarka faktiri ce. A Turkiyya, wayar da aka shigo da ita daga waje kwana 120 take aiki da layin ƙasar, daga nan sai an yi mata rajista an biya. Masu tafiya karatu su lura. A Saudiyya kuma sai da fasfo da hoton yatsa ake ba ka layi.

Layinka na gida ma kada ka yar da shi a jaka. Saƙon banki a kansa yake shigowa. Ka sa a buɗe maka romin kafin ka tashi, ka ajiye shi a 'yar ƙaramar waya, irin rakani-kashin nan. WhatsApp ɗinka zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka ko ka canza sim, in dai ba kai ka ce a canza ba.

In lokaci ya ƙure ba ka samu buɗewa ba, kullalliyar waya tana aiki da Wi-Fi. Ka samu ƙaramar mifi ko wata 'yar Android, ka sa mata layin can, ka jona. Da na san wannan dabarar a Maraɗi da ban yi asarar rabin kuɗina ba.

Shawarata, ka fara duba wayarka aƙalla sati biyu kafin ranar tafiya. Yanzu ma da kake karanta wannan, zaro gidan sim ɗinka ka leƙa, sannan ka shiga "About" ka ga abin da aka rubuta. In ka tarar da cif, gara ka gan shi kana Barnawa ko Narayi, inda mai gyara ke jin yarenka kuma naira za ka biya, da ka gan shi a bakin boda.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, za mu koma kan finafinan Sallah. Allah ya kai mu.